Korayen Kwalabe Biyar

A garin Faskari akwai wata yarinya mai suna Safara'u. Tana aji biyar a makarantar firamare. Babanta, Malam Nata'ala, manomi ne. Yana noma dawa da auduga. Innarta kuwa, Adama, duk unguwa an san ta da maganin mura.

Maganin ba wani abin ɓoye a cikinsa. Citta ce da kanumfari da masoro, sai 'yar tafarnuwa. Inna takan daka su, ta dafa da ruwan tsamiya har su yi kauri. In ta sauke ta tace, sai ta matse lemon tsami a ciki, ta zuba zuma. Zumar daga Sabuwa take sayowa, don can ne dajin yake da amya masu kyau.

Da fari kyauta take ba maƙwabta a ɗan ƙoƙo. Amma a shekarun nan kuɗi sun shigo ƙasa. Ana ta gina makarantu, ana shimfiɗa tituna. Masu aikin titi suna yini cikin ruwan damina, mura ta yi ta kama su. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya yi sallama da kwalbar lemo a hannu. Ya ce a cika masa, kuma ya rantse sai ya biya. Washegari ya dawo da abokansa huɗu.

Daga nan abu ya zama sana'a. Wani tsoho mai tebur a kasuwar 'Yankara, ana kiransa Baba Mani, ya riƙa zuwa duk mako yana ɗaukar kwalba ashirin.

Inna tana da doka a kan kwalabe. Ita take sayo su da kanta, farare tas. A wanke su da sabulu, a tafasa su cikin babbar tukunya, sannan a kife su a rana.

Takan ce, "Abin da zai shiga cikin mutum ba a yi masa gaggawa."

Duk wanda ya saya kuma sai ta ja masa kunne. "Wannan na mura ne da tari. In zazzaɓi ya wuce kwana biyu, a tafi asibiti."

Wata rana, ana gobe kasuwar 'Yankara, zuma ta ƙare. Inna ta dafa magani da sauran da ke gindin tulu, ta yi shirin tafiya Sabuwa. Can za ta kwana wurin ƙanwarta.

Ta kira Safara'u ta ce, "Ɗiyata, ga magani nan yana hucewa. Ga kwalabe ashirin a rana. In sun bushe ki cika su, ki toshe, ki jera a kwando. Gobe da safe Baba Mani zai zo ya ɗauka. Za ki iya?"

Safara'u ta ce, "Zan iya, Inna."

Ta ji daɗi ƙwarai. Ba a taɓa bar mata wannan aiki ita kaɗai ba.

Da la'asar ta kwashe kwalaben a tire, ta ɗora a ka. Sai ta ji yara suna ihu a waje. "Katafila! Ga katafila!" Sabuwar motar gyaran titi ce take wucewa. Safara'u ta manta da abin da ke kanta. Ta ruga za ta leƙa, ƙafarta ta daki dokin ƙofa.

Tatsatsa!

Ta tsaya tana kallon ƙasa. Kwalba biyar sun fashe.

Babu kowa a gidan. Baba yana gona. Ta share fasassun da sauri, ta zuba a masai.

Ta ce a ranta, "Ranar farko ke nan da aka ba ni amana. Inna za ta ce ni ba ni da hankali."

Tana zagayen gida tana tunani, sai ta hango wasu kwalabe a bayan rumbu. Koraye ne, an jingine su a jikin bango. Ta ƙirga. Biyar cif!

Ta sunsuna ɗaya. Ta ji wani ɗan wari kamar na kananzir. Ta tuna dokar Inna, amma rana ta yi sanyi, kuma hura wuta aiki ne. Sai ta ɗauraye su da ruwa sau ɗaya kawai. Ta cika fararen tukuna, sannan ta cika korayen. Ta jera su a kwando, ta lulluɓe da ciyawa.

Da safe Baba Mani ya zo. Bai buɗe kwandon ba. Ya sa mata albarka, ya wuce tasha.

Safara'u tana ɗaura ɗankwalin makaranta, sai ta ji muryar Baba daga bayan rumbu.

"Kai! Wa ya kwashe kwalaben da na ajiye nan?"

Ta ci gaba da ɗaura ɗankwalin kamar ba ta ji ba.

Baba ya zagayo, fuskarsa a murtuke. "Safara'u, ba ki ga wasu yara sun shigo jiya ba?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ban gani ba, Baba."

"Subhanallahi. A cikinsu malamin gona ya raba mana maganin feshin auduga. Guba ce tsantsa. Ya ce ko sau goma aka wanke su, kada a zuba abin sha. Yau nake son in binne su. Bari in bi gidajen maƙwabta in tambaya."

Ya fita da sauri.

Safara'u ta bi shi da kallo. Ta buɗe baki za ta kira shi, muryar ta ƙi fita. Ta ɗauki jakarta ta nufi makaranta kamar wadda ake turawa.

A aji, Malam Harisu ya ce ta tashi ta karanta shafi na goma. Ita ce ta fi kowa iya karatu. Amma yau ta kasa. Ba ta ganin baƙaƙen. Abin da take gani kawai shi ne wani yana kafa baki a koriyar kwalba.

Malam Harisu ya dube ta. Ya ce da sauran yara su ci gaba, ya fita da ita gindin darbejiya.

"Safara'u, mi ya faru? Ba ki da lafiya?"

Ta fashe da kuka. "Malam, na kashe mutane."

"Wane irin zance ne wannan? Yi a hankali. Faɗa mini tun daga farko."

Ta faɗa masa duka. Tiren, da katafila, da kwalaben bayan rumbu, da ƙaryar da ta yi wa Baba.

Malam Harisu bai daka mata tsawa ba. Ya dubi agogon hannunsa ya ce, "Kasuwa ta fara ci. Share hawayenki, ba mu da lokacin kuka."

Ya shiga ofis ya gaya wa hedimasta. Ya turo sabon babur ɗinsa, wanda ya saya da ƙarin albashi. Suka sami Baba a ƙofar gidan wani maƙwabci.

Malam Harisu ya ce, "Malam Nata'ala, ɗiyarka tana da magana."

Safara'u ta durƙusa. Wannan karon muryar ta fita. "Baba, ni na ɗauka. Na zuba maganin Inna a ciki. Suna kwandon Baba Mani."

Baba ya dafe kai. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Ya dube ta har ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Sannan ya ce, "Tashi ki hau. Ke kika zuba, da ke za a karɓo."

Su uku suka hau babur, tana tsakiya. Hadari yana haɗuwa ta gabas.

Kasuwar 'Yankara ta cika maƙil. Ga masu hatsi, ga masu awaki, ga masu rediyo suna ƙure murya. Suka kutsa har teburin Baba Mani.

Tsohon ya ce, "A'a, Malam Nata'ala! Lafiya na gan ku haka?"

Baban Safara'u bai ko gama gaisuwa ba. Ya yaye ciyawar kwandon. Ga korayen kwalabe uku a kwance.

"Alhamdu lillahi. Baba Mani, ina sauran biyun?"

Da Baba Mani ya ji labari, goron bakinsa ya faɗi. Ya ce, "Ɗaya tana wurin Almu mai shayi, ga shi can bakin tasha."

Safara'u ta riga kowa isa. Almu yana fifita wuta, hanci yana ta zuba. Kwalbar tana aljihun rigarsa, ko buɗe ta bai yi ba.

Ya ce, "Jira nake kasuwa ta lafa in sha da ruwan zafi." Da aka gaya masa abin da ke ciki, ya zaro ta da yatsa biyu kamar ya kama kunama. "Ku riƙe abinku! Na gode Allah da ya ba ni masu shan shayi da yawa yau."

Saura ɗaya.

Baba Mani ya yi ta sosa gemu. Can ya ce, "Na tuna! Sha'ibu direba ne. Mai jar motar hatsi. Matarsa tana gaba da yaronsu, yaron yana ta tari. Don shi ya saya."

"Ina motar?"

"Ta tashi tun ɗazu. Ƙanƙara za su."

Safara'u ta ɗora hannu a ka. Yaro! Ƙaramin yaro!

Malam Harisu ya buga babur. Ba su yi nisa ba ruwa ya sauko. Hanyar jar ƙasa ce, nan da nan ta zama taɓo. Babur yana zamewa, Baba yana sa ƙafa yana tarewa. Sau biyu suka sauka suka tura. Rigar makarantar Safara'u ta jiƙe sharkaf. Ba ta ji sanyi ba. Addu'a kawai take yi: "Ya Allah, kada ya sha. Ya Allah, kada ya sha."

Can gaba suka hango motoci a tsaye. Wani rafi ne ya cika, gadar da ake ginawa kuma ba a gama ba. Kowa yana jiran ruwa ya janye. A tsakiyar layin ga jar mota da buhunan hatsi.

Safara'u ta dira tun kafin babur ya gama tsayawa. Ta ruga ta buga ƙofar motar da hannu biyu.

Wata mata ta leƙo. "Ke, lafiya?"

"Kwalbar! Maganin mura! Kada ku ba shi!"

Sai idonta ya faɗa kan kwalbar. Tana gefen matar, a buɗe. Maganin ya ragu daga wuya.

Safara'u ta juya ta ƙwala wa Baba kira.

Baba ya iso yana haki. "Baiwar Allah, yaron ya sha?"

Matar, sunanta Bilki, ta nuna wani ɗan kofi a gabanta. Cike yake da magani.

"Na zuba zan ba shi, sai na ga barci ya ɗauke shi. Kwana biyu tari bai bar shi ya runtsa ba. Na ce ba zan tashe shi ba, in ya farka ya sha. Mi ya faru?"

Yaron, ɗan shekara uku, yana kwance a cinyarta yana minshari.

Baba ya zauna daɓas a cikin taɓo. Ya ɗaga hannu sama yana cewa, "Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi." Malam Harisu ya cire hularsa ya matse, yana murmushi. Safara'u kuwa kuka ta saka, amma ba irin na ɗazu ba.

Sha'ibu direba ya zo daga bakin rafi. Da ya ji abin da ya faru, idonsa ya yi ja.

"Ke yarinya! Kin san abin da kika kusa yi? Shi kaɗai ne ɗana!"

Safara'u ta durƙusa cikin ruwa. "Na sani, ranka ya daɗe. Laifina ne, ba na Innata ba. Ita ba ta ma gida. Ka yafe mini."

Sha'ibu ya buɗe baki zai ƙara, Bilki ta ce, "Haba maigida. Da ta yi shiru fa? Dubi jikinsu. Tun daga Faskari suka biyo mu."

Sha'ibu ya dubi taɓon da ke jikinsu. Can ya sauke numfashi ya ce, "Tashi. Allah ya kiyaye gaba."

Baba ya ari shebur wurin masu aikin gada. Ya haƙa rami mai zurfi can kan tudu, nesa da rafi. Suka binne kwalaben biyar har da kofin. Malam Harisu kuma ya ce wa Bilki, in sun isa Ƙanƙara ta kai yaron asibiti a duba ƙirjinsa.

Da suka koma gida, Inna ta dawo daga Sabuwa da tulun zuma. Safara'u ba ta jira a tambaye ta ba. Ta tsaya a gabanta ta faɗi komai.

Inna ta ajiye tulun. Sannan ta tambaya, "Waɗanne kika fara cikawa?"

"Fararen, Inna."

"To, da sauƙi, lokacin mazurari bai taɓa korayen ba. Waɗanda suka sayi fararen ba abin da zai same su."

Duk da haka ta aika a dawo da sauran da ba a sayar ba. Ta zubar da su. Mazurarin da aka yi aiki da shi ma ta jefa a rami.

Safara'u ta ce, "Inna, ki doke ni."

Inna ta ce, "Duka mi zai gyara? Zo ki zauna. Da kin ce mini kin fasa kwalba biyar, mi kike zaton zan yi?"

"Faɗa."

"Faɗa na ɗan lokaci, shi ke nan. Kwalba ce, ni ma ina fasawa. Amma ran ɗan mutane, a wace kasuwa za mu sayo shi?"

Labari ya bazu. Wasu suka ce maganin Adama guba ne. Mako uku Baba Mani bai zo ba. Masu aikin titi ma suka ɗauke ƙafa. Babbar tukunyar Inna tana kife a tsakar gida. Duk lokacin da Safara'u ta gan ta sai ta ji kunya. Ta riƙa yin shara da wanke-wanke ba tare da an sa ta ba.

A mako na huɗu Inna ta dafa magani kaɗan. Ta sayo sababbin kwalabe. Ta sa Safara'u ta tafasa su a gabanta, ɗaya bayan ɗaya. Ranar kasuwa ta faɗo cikin hutu, babu makaranta, suka tafi 'Yankara tare.

A gaban teburin Baba Mani, Inna ta ce, "Ɗiyata, gaya musu."

Mutane suka taru. Safara'u ta faɗi abin da ta yi. Ta kuma roƙi manoma su riƙa binne kwalaben feshi. Sannan Inna ta zuba magani a cokali ta sha, ta ba Safara'u ita ma ta sha.

Babu wanda ya matso.

Sai aka ji wata babbar murya daga baya. "A ba ni goma!"

Sha'ibu direba ne, yaronsa yana kan kafaɗa yana cin rake. Tarin ya tafi.

Wani ya ce, "Sha'ibu, kai da aka kusa kashe maka ɗa?"

Sha'ibu ya ce, "Ni ɗin. Na yi shekara goma sha biyu ina tuƙi. Na sha sayen ruɓaɓɓen kaya, ban taɓa ganin wanda ya biyo ni ya ce in dawo da shi ba. Waɗannan cikin ruwa suka biyo ni saboda kwalba guda. Zan kai wa 'yan tasharmu a Ƙanƙara."

Almu mai shayi ya taso ya ce, "Ni ma a ba ni. Har yanzu murar ba ta sake ni ba!" Mutane suka yi dariya. Kafin azahar kwandon ya ƙare.

Daga nan sana'a ta farfaɗo, har ta fi da. Sha'ibu yana kaiwa Ƙanƙara. Ƙanwar Inna tana sayarwa a Sabuwa. Inna ta ɗauki mata biyu suna taya ta daka. Malam Harisu ya ba da shawara a riƙa liƙa takarda a jikin kowace kwalba. Safara'u ce take rubutawa da kyakkyawan rubutunta: sunan Inna, da ranar da aka dafa, da cokali nawa za a sha.

Wata rana a aji, Malam Harisu ya tambaye ta ko za ta ba 'yan ajin labarin. Ta miƙe ta ba su, ba ta rage komai ba.

Da ta gama ya ce, "To, mi kika koya?"

Safara'u ta ce, "Malam, kada a zuba abin ci ko abin sha a mazubin da ba a san abin da ya taɓa ɗauka ba. Kuma in ka yi kuskure, ka faɗa tun yana ƙarami."

Malam Harisu ya ce, "Haka ne. Ku riƙe wannan, yara. Kowa yana kuskure. Ɓoye shi ne yake sa ya girma. Wanda ya faɗi gaskiya da wuri ya ceci kansa, ya ceci waɗansu."